Sandar haƙora ko sukuru: wanne ya dace da injin sassaƙa?

Kafintan Dakata: Assalamu alaikum. Ina haɗa injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta, tsawon teburinsa mita biyu da rabi, kuma galibin aikina ƙofofi ne. Wanda zai haɗa mini ya ce a dogon ɓangaren a sa sandar haƙora da ƙaramar giya, ni kuwa sukuru mai boris, wato dogon ƙarfen nan da ke juyawa yana tura kan injin, na saba gani. Wanne zan saya?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Sukuru idan ya yi tsawo haka, da zarar an ƙara gudu sai ya riƙa lilo a tsakiya, amma sanda a ɗaure take jikin teburi, giyar ce ke tafiya a kanta, kuma ana jona ta guntu-guntu. Ka bar sukuru a ɓangaren hawa da sauka kawai.

Mai Walda: Ni dai sandar nan ta koya mini darasi. Giyar injin yankan ƙarfena ta cinye, na aika aka kawo wata, ashe girman haƙoranta lamba ɗaya da rabi ne, na sandar kuma ɗaya da kwata. Yarona ya matsa ta a haka, cikin mako biyu ta gurgure sandar, duk da'irar da muka yanka sai ta fito kamar ƙwai. Mai aikin ya karɓe kwangilarsa, ni na biya kuɗin farantin ƙarfen.

Ɗan Panteka: Allah ya mayar da alheri, Alhaji, amma da ka ce masa sabon yayi ne, ai ƙwai ma tsada yake.

Injiniya: Alhaji, laifin rashin awo ne, ba na sanda ba. Ƙura ma tana cin haƙora idan ba a sharewa ana shafa giris.

Mai Walda: Injiniya, injin nawa ka taɓa kwancewa da hannunka? Mu da asara muka koya.

Kafintan Dakata: Don Allah nawa ake sayar da guntu ɗaya?

Ɗan Panteka: Mai karkatattun haƙora na saya naira dubu 35, ta fi miƙaƙƙiya shiru da laushin tafiya.

Mai Walda: Sai dai idan tsohuwa aka wanke maka, domin ni dubu 60 na biya, kuma wanda ke yi mini odar kaya daga birnin Guangzhou na China ya riƙe ta wata uku, kullum yana cewa jirgi na hanya.

Ɗan Panteka: Naka ma ya zo, Alhaji. Ni giya biyu na biya tun kafin azumi, har yau ko waya ba ya ɗauka.