Abin da aka tattauna kan komawa wani birni a ƙasar waje

Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Kowa ya yarda a yi fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara kafin a bar Maradi, a bar kwafi a gida.
2. Mai zuwa Saudiyya ya karanta kwangila kafin ya sa hannu. Iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, tana ɗaure da wanda ya ɗauke ka aiki, sauya uban gida ba sauƙi. Nan aka fi jan kunne, kuma da gaskiya.
3. Abijan da Kwatano sefa ake kashewa, ba asarar canji, amma mai gida yana karɓar kuɗin ajiya da hayar watanni tun farko. A fara sauka wajen ƴan gari a zango.
4. Iyali: wasu sun ce a tafi tare saboda tarbiyyar yara, wasu sun ce sai aiki ya zauna.
5. Hanyar sahara zuwa Libiya, ba wanda ya goyi bayanta.