Ƙanena ɗan baya ne a ƙwallo, an ce mu sayar da gona a kai shi Turkiyya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ƙanena shekararsa 17, bana zai zauna jarrabawar BEPC. Tun yana ƙarami yake buga ƙwallo a filin unguwarmu a Birni, kuma lamba 5 yake riƙewa, wato mai tsaron baya na tsakiya. Dogo ne, da ƙafar hagu yake wasa, ba ya tsoron sa kai. A gasar unguwanni ta hutun da ya wuce, ya cire wata ƙwallo daga kan layi da ka, goshinsa ya fashe, aka ɗaure masa da rawanin wani ɗan kallo, ya koma fili har aka tashi.

Bayan kwana biyu wani mutum ya zo da mota, muka zauna da shi a zaure. Ya ce yana da hanya zuwa wata ƙungiya a Turkiyya, gwajin wata ɗaya. Ya nuna mana hotuna a waya, ga shi tsaye da Turawa a bakin fili. Kuɗin biza da jirgi da buɗe dosiye miliyan ɗaya da jaka ɗari biyar, kuma a ƙara wa yaron shekara ɗaya a fasfo ya zama 18.

Ni kabu-kabu nake yi. Abin da muka mallaka kawai gonar da Baba ya bar mana ce a hanyar Mirya. Inna ta ce a sayar, ƙanena ya daina cin tuwo da ni a kwano ɗaya. Ni ne babba, magana na hannuna. In na hana, ina tsoron in zama wanda ya tare masa arzikinsa. Ya zan yi?

Tsohon lamba 4, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar. Na buga baya shekaru da yawa a nan Damagaram, na ɗan taɓa a Yamai, gwiwa ce ta dawo da ni gida.

Bari in gaya maka abin da masu kallo ba su sani ba game da wurinmu. Ɗan gaba in ya ci ƙwallo uku a wasa ɗaya, bidiyonsa ya isa ya sa a neme shi. Ɗan baya ba a gane shi a wasa ɗaya. Mai horo na gaskiya sai ya bi shi wasa goma ko fiye: ina yake tsayawa in ƙwallo ba ta wurinsa, yana magana da gola ko shiru yake, in an wuce shi yana juyowa da sauri ko tsaye yake yana ɗaga hannu wai ofsaid. Cire ƙwallo daga kan layi jarumta ce, Allah ya yi masa albarka, amma sau da yawa alama ce an riga an yi kuskure a baya. Wanda ya ga wasa ɗaya ya ce Turkiyya, gonarku ya gani.

Kuma ɗan baya ba ya nuna da wuri. A 17 jikinsa bai gama haɗuwa ba, kansa ma haka. Dubi waɗanda suka riƙe wa Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, baya a gasar cin kofin Afirka (CAN) ta 2012 da ta 2013, su Koffi Dan Kowa da Mohamed Chikoto. A ƙungiyar Sahel ta Yamai aka fara ganinsu, daga nan suka fita har Afirka ta Kudu. Makin farko da Nijar ta samu a tarihin CAN, canjaras ba ci da Kwango ta Kinshasa a 2013, ƴan baya da gola Kassaly Daouda ne suka ciwo shi da gumi. Hanyar ke nan: lasisin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, a ƙungiya mai rajista, Espoir ta nan Damagaram ko wata, sannan gasar ƙasa. Ƙafar hagu a tsakiyar baya abin nema ce ko'ina, ba za ta ɓuya ba.

Malamin lise:

Ni ta wajen doka zan zo. FIFA ta hana a ɗauki yaro ƙasa da 18 daga wata ƙasa zuwa wata, in ba a wasu ƴan yanayi ƙalilan ba, kamar iyayensa su ƙaura don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Mutumin ya san wannan, shi ya sa yake so a taɓa fasfo. Ranar da aka gano, yaron ne za a dakatar, shi kuwa ya canza lamba.

Ka tambaye shi abu biyu. Lambar lasisinsa na wakilin ƴan wasa na FIFA, da takardar gayyata daga ƙungiyar mai ɗauke da sunan ƙanenka. In ya kawo, ka kai ofishin ƙwallon ƙafa na jiha su duba, ko ka sa wani mai Faransanci ko Ingilishi ya rubuta wa ƙungiyar ta adireshinta na ainihi. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. Sannan, don Allah, ya zauna BEPC ɗin nan.

Wani matashi daga Zango:

Ku yi haƙuri manya, amma kullum haƙuri ake ba mu. Nawa ake biyan ɗan wasa a nan? Wasu wata uku ba su ga ko dala ba. Fili duk tsakuwa, ka faɗi sau ɗaya cinyarka ta saluɓe. Moussa Maâzou, ɗan gaban nan na Nijar, da ya zauna gida da wa ya san shi?

Tsohon lamba 4:

Gaskiyarka a kan albashi da fili, tabon na nan a jikina. Amma Maâzou a ƙungiyar AS FAN ta Yamai ya yi suna tukuna, Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2008, CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009. Ƙungiya ce ta biya ƙungiya. Kuma gasar Afirka ta CHAN da aka yi a Aljeriya a 2023, wadda ƴan wasan gida kaɗai ke bugawa, Mena ta kai wasan kusa da na ƙarshe, masu neman ƴan wasa na zaune suna kallo.

Wata uwa, Garin Malam:

Ɗana, ka karanta wa Innarku wannan. Ni na sayar da shanu biyu da sarƙata. Yarona ya sauka Istanbul, aka kai su wani ɗaki su tara, katifa uku. Gwajin da aka yi musu a wani filin unguwa ne, ba mai horo ko ɗaya. Biza ta ƙare, wayar mutumin ta daina shiga. Yanzu a wurin ɗinki yake goge kaya, in ya ga ɗan sanda sai ya sake hanya. Duk Juma'a yana kira, ya ce Inna lafiya lau nake, ni kuma ina jin muryarsa na san ba lafiya ba.

Ki yi haƙuri ƴar uwa. Na san abin da ke ranki, so kike ki ga ɗanki ya huta. Ni ma shi na so.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha na karanta wa Inna saƙon Hajiya, ta daɗe ba ta ce komai ba, sai ta ce in tambayi mutumin takardun. Na kira shi da safe. Ya ce takarda sai an biya rabi, kuma in ba mu shirya ba akwai wani yaro a Maraɗi da ke jira. Na ce ya ba na Maraɗin.

Ƙanena har yanzu ba ya yi mini magana. Baba lamba 4, in ba damuwa, ko za ka zo filinmu ranar Asabar da la'asar ka gan shi, ka yi masa magana da bakinka? Ni zan zo in ɗauke ka a babur.

Tsohon lamba 4:

In sha Allah. Ka ce masa ya zo da takalmansa, kuma kada ka gaya masa ko ni wane ne sai an tashi wasa.