Shawarwarin masu zanen layuka da siffofi a Marwa

Masu zanen layuka, da'ira da murabba'i sun tattauna a Marwa, a arewacin Kamaru. Kowa ya yarda a fara shafe ƙyalle da farin fenti sau biyu. Maganar fitar da layi tsaf ce ta ja lokaci: a manna salatif na takarda, a shafa launin da ke ƙarƙashi a bakinsa ya toshe kafa, sannan sabon launi, a ɓare kafin ya bushe. Zafin Afrilu na busar da akirilik (fentin roba da ake sirkawa da ruwa) tun yana kan burushi, gara aikin asuba. Mai son yin fenti da jar ƙasa ya tankaɗe ta, ya kwaɓa da ƙaron Cadi, amma ruwa na wanke shi. Ni kam ƙurar hunturu ta fi damuna.