Neman shawara: yaushe zan riƙa canja giya bayan an ƙara wa motata ƙarfi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata Golf GTI ce ƙirar 2007, mai giyar hannu shida da injin lita biyu mai turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji. Na saye ta bara a hannun abokin yayana da ya shigo da ita ta Kwatano, bayan na shafe kusan shekara uku ina tara kuɗi, har sai da na sayar da tsohuwar motata da babur ɗina kafin kuɗin ya cika. Maiɗakina ba ta so ba tun farko, domin a ganinta mota mai ƙofa biyu ba ta mai iyali ba ce, kuma har yau maganar ba ta mutu a gida ba, shi ya sa nake tsoron wata ɓarna ta taso yanzu. Wata biyu da suka wuce aka sake tsara kwamfutar injin, aka sauya salansa, motar kuwa ta ƙara ƙarfi ƙwarai. Wanda ya yi aikin ya ce in riƙa kai allurar agogon juyin inji jan layi kafin in canja giya, yayana kuma ya ce kada in wuce juyi 2,000 a minti. Ranar Asabar a hanyar Zariya ina cikin giya ta shida, gudu wajen kilomita 80, allura a kan 2,000, na taka totur har ƙasa don in wuce tirela, sai allurar ta yi tsalle zuwa 3,000 amma motar ba ta ƙara gudu ba, daga baya na ji ƙauri. Don Allah a ina ya kamata in riƙa canja giya?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi kilomita nawa motar ta ci ba, ko an taɓa canja mata kuloci, ko irin man da kake sha. Ni dai na daina yarda da masu taɓa kwamfutar mota tun da wani ya riƙe tawa mako biyar a garejinsa, ya dawo mini da ita fitilar gargaɗi na ci, ya kuma daina ɗaukar wayata. Har yanzu ina bin sa ragowar kuɗi.

Injiniya: Ɗan'uwa, wanda ya yi maka aikin da yayanka duk sun yi kuskure. Injin motarka daga kamfani ƙarfin doki 200 yake bayarwa tsakanin juyi 5,100 da 6,000 a minti, ƙarfin murɗawarsa kuma 280 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) daga 1,800 zuwa 5,000. Irin aikin da aka yi maka yakan kai ƙarfin murɗawar wajen 350, kuma mafi yawan ƙarin a tsakiyar agogo yake zama, domin turbon K03 da ke jikinta ƙarami ne, yana cika da wuri kuma numfashinsa yana raguwa idan allura ta haura 6,000. Saboda haka idan gudu kake nema, ka canja a wajen 6,000. Daga ta biyu zuwa ta uku allura za ta faɗo wajen 4,200, inda turbo ke cike da iska. Giya ta farko kaɗai za ka iya ja kaɗan fiye da haka, saboda tazararta da ta biyu ta fi faɗi. A cikin gari kuwa, tsakanin 2,500 da 3,000 da ƙafa mai sauƙi ya wadatar. Abin da ya same ka ranar Asabar zamewar kuloci ce, babu tantama. Ka ɗora masa ƙarfin da ya fi wanda aka ƙera shi dominsa a giya mafi nauyi. Da ka sauko ta huɗu, da allura ta tsaya wajen 3,000 ka wuce tirelar lafiya.

Tsohon direba: Yaro, shekara talatin na yi ina jan mota tsakanin Kano da Jos, ban taɓa kallon allura ba. Kunne ake sa wa inji. Ka shiga babbar giya da wuri, injinka ya huta, mai ya yi maka auki. Yaran yanzu ne ke sa mota ihu, shi ya sa ba ta shekara biyar a hannunsu. Ɗana ma haka ya kashe mini motar da na bar masa.

Injiniya: Baba, da girmanka, Peugeot 504 da kuka ja ba ta da turbo. Wannan injin kai tsaye yake fesa mai cikin silinda, kuma idan aka danne totur allura na ƙasa, turbo na tura iska da ƙarfi, mai yana iya kamawa da wuta kafin fulogi ya ba da wuta, abin da ke fasa fistin ke nan. Tafiya a hankali a kan 2,000 ba laifi ba ce, danne totur a wurin ne haɗari. Ga shi kuma an ƙera motar don fetur mai lambar inganci (octane) 95 zuwa sama, kuma mai tambaya bai gaya mana ko an yi sabon tsarin daidai da man da yake samu ba.

Mai tambaya: Na gode, Injiniya, amma ba na jin kuloci ne, domin yana shiga kowace giya lafiya, kuma sau ɗaya abin ya faru. Zama a giya ta shida kuwa dole ce ta sa, kowa ya san kuɗin mai yanzu. Wanda ya yi mini aikin kuma mutum ne da na sani tun muna makaranta, ba zai cuce ni ba.

Baban Amira: Nawa ma ɗan unguwarmu ne. Shawarata ita ce ka koma a mayar maka da tsarin kamfani, ka huta.

Injiniya: Ba sai an mayar ba. Kuloci mai zamewa yana shiga giya lafiya, a babbar giya yake fara nuna kansa, kuma duk zamewa ɗaya tana ƙara cinye faifan. A sa masa mai ƙarfi wanda zai ɗauki sabon nauyin, kafin nan kuma kada ya danne totur a ta biyar ko ta shida allura na ƙasa da 3,000. Na faɗa, na kuma maimaita.

Mai tambaya: Tsarin kamfani dai ba zan koma ba bayan kuɗin da na kashe, sabon kuloci kuma ba ni da halinsa kafin ƙarshen shekara. Jibi zan kai iyali Kaduna, kuma da ita za mu tafi. Yanzu idan na tsaya a giya ta biyar duk hanya, ina canjawa a 3,000, zai kai ni ya dawo da ni?

Tsohon direba: Ka shiga ta shida, ka bi tirela a baya har Allah Ya kai ku.