Neman shawara: wace matatar ruwa ce za ta dace da gidanmu na ƙauye?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifiyata tana ƙauye tare da jikokinta, kuma tun da famfon tuƙa-tuƙan unguwarsu ya lalace suka koma shan ruwan wata rijiya marar murfi, wanda da damina yakan yi jawur. Yaran ba sa rabuwa da gudawa, tafasa ruwa kullum kuma ya gagara saboda tsadar itace. Ina so in saya musu matatar ruwa wadda ba ta buƙatar lantarki, amma ban san irin da tsohuwa za ta iya kula da ita ba.

Ma'aikaciyar lafiya: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya. Ka nemi matatar yumɓu, wato tukunyar da ake kwaɓa yumɓunta da ɓuntun shinkafa ko garin katako, ta yadda idan aka gasa ta ɓuntun zai ƙone ya bar ƙananan ƙofofin da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, yawancin ƙwayoyin cuta kuma su maƙale. A Guwatemala aka ƙirƙiro ta a 1981, daga baya har a Tamale ta ƙasar Ghana aka fara yin ta. Tana zama a bakin bokiti mai murfi da ɗan famfo, tana ba da kimanin lita 1 zuwa 3 a awa, saboda haka sai a cika ta da dare, a ƙara da safe.

Wani dattijo: Ɗana, mu da ƙyalle muka yi yaƙi da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Ka sa su jefa ɗan alif ko garin 'ya'yan zogale, ruwan ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ba sai ka kashe kuɗi ba.

Ma'aikaciyar lafiya: Baba ya yi gaskiya, sai dai a yi mini afuwa in ƙara. Ƙyalle yana tare 'yan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da kurkunu, amma ƙwayoyin taifod sun fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shawarar Baba ita ce matakin farko, domin idan aka zuba wa tukunya jan ruwa kai tsaye, laka za ta toshe ta da wuri.

Malamin makaranta: Akwai kuma matatar yashi da tsakuwa, wadda ta fi ba da ruwa da yawa, amma sai ta yi kusan kwana 30 ana zuba mata ruwa kafin ta kama aiki sosai, kuma ba a barin yashinta ya bushe. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne randa. Za ka ga an tace ruwa tas an juye a ciki, yaro ya taso daga wasan ƙasa ya tsoma moɗa har wuyan hannu, ya sha, ya ajiye ta a ƙasa. Ka roƙi Inna a riƙa sha daga famfon bokitin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To idan amai da gudawa ya ɓarke a gari fa, tukunyar ta isa?

Ma'aikaciyar lafiya: Ba ta isa ba, Malam. A irin wannan lokaci a sa ƙwayar kulorin bayan tacewa bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira minti 30, ko kuwa a tafasa na sha kawai. Idan tukunyar ta rage gudu, a goge ta da buroshi da tataccen ruwa ba tare da sabulu ba, idan kuma ta tsage a canza ta. Yaron da ke gudawa yanzu a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti mafi kusa.