Ƙungiyar masu saƙa da ɗinkin hannu: in shiga ko in ci gaba da koyo a waya?

Maman Ilham, Rikkos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar, musamman mutanen Jos.

Ina ɗan taɓa saƙar kwarashi, a waya na koya, YouTube da wani zaure na WhatsApp. Hular jarirai da safa nake yi, maƙwabta suna saya, ba laifi. To akwai wata ƙungiya ta mata masu saƙa da ɗinkin hannu da ke haɗuwa duk Asabar bayan azahar a ajin wata Islamiyya can wajen Gangare. Matar yayana ce ta kai ni in ga yadda suke. Gaskiya na ga aiki, musamman wani zanin gado mai fulawoyi da wata dattijuwa take ɗinkawa, ko ta baya aka juya shi tsaf yake. Amma da sakatariyarsu ta karanto min dokoki sai jikina ya yi sanyi.

Fom naira 3,000, kuɗin wata 1,000. Makara tarar 200, fashi ba uzuri 500, in aka yi fashi uku a jere a soke suna. Sabuwar shiga ba ta karɓar odar da ta zo ta hannun ƙungiya sai ta cika wata 6. Littafin zanensu ba ya fita daga ajin, ba a kuma ɗaukarsa hoto. Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta warwara: in malama ta duba aikinki ta ce bai yi ba, sai an warware, ko ya kai rabi. A gabana aka sa wata yarinya ta warware hannun suwaita guda cur, tana ja tana naɗe zaren a yatsa, idonta ya kawo ruwa.

Maigidana ya ce in ina so zai biya, amma tambayarsa ita ce tawa: me zan samu a can wanda ba na samu a waya? Data dai ina saya ko da ƙungiya ko babu, ga kuma kuɗin keke zuwa da dawowa. Don Allah wadda ta taɓa zama cikin irin wannan ƙungiya ta faɗa min tsakani da Allah.

Hajiya Babba, Anguwan Rogo

Wa alaikumus salam 'yata. Ni ba 'yar waccan ƙungiyar ba ce, tamu tana nan unguwarmu, amma dokokin kusan duk ɗaya ne, don haka bari in ce wani abu.

Kafin ki ci gaba da karantawa, tashi ki ɗauko shawul ko ɗan bargon jariri da kika taɓa saƙawa, ki shimfiɗa a tabarma, ki ninka shi gida biyu, kusurwa kan kusurwa. In bakunan sun haɗu daidai, to hannunki ya faɗa, kina iya zamanki a gida. In ɗaya gefen ya fi ɗaya faɗi, to ko dai kina tsallake idon saƙa na ƙarshe duk lokacin da za ki juya layi, ko kuma jan zarenki ba ɗaya ba ne: ranar da kike cikin nishaɗi ya saki, ranar da yara suka ɓata miki rai ya ɗaure. Mai bidiyo tana nuna miki hannunta ne, ita ba ta ganin naki. Malamarmu kuwa daga yadda mace ta naɗa zare a ɗan ali da manuniya take gane inda aikin zai karkace, tun ba a yi layi biyar ba. Sai ta zo ta bayanki ta kama yatsun ta gyara, ba dogon bayani. Kuɗin watan nan da kike ji, rabinsa na wannan kamun yatsan ne.

Zanin gadon da ya burge ki ta baya, ba a haifi dattijuwar nan da shi ba. An hana ta ƙulli ne tun tana sabuwa. Zaren roba da muke saƙa da shi santsi gare shi, in kika ƙulla kika yanke gab da ƙullin, wanki biyu uku zai zame, rami ya buɗe, uwar jariri ta dawo miki da kaya. Ana barin jela mai ɗan tsawo ne a sa a allura mai babban ido, a bi da ita cikin saƙar gaba da baya har ta ɓace. A safar jariri kuma ba a barin dogon zare yana lilo ta ciki, don yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya shaƙe shi uwar ba ta sani ba, yaro yana ta kuka ana ba shi maganin ciki. Haka duwatsun ado da ƙananan maɓallai, mu ba ma sa su a kayan jarirai sam, komai nacin mai oda. Waɗannan duk a bakin manya na ji su, a zaune a aji.

Warwara da zafi, ba na musu. Amma zaren bai tafi ko'ina ba, lokaci kawai aka rasa, kuma ban taɓa ganin wadda ta warware hannun riga guda ta sake mantawa da ƙirga ido ba.

Sai maganar zare, wadda ita ce ribar da za ki gani da idonki tun watan farko. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka warwatsu a tituna da ƙananan shaguna, mai sayen dunƙule biyu uku yawo take sha, yau ta samu kalar, gobe a ce ta ƙare. Mu muna haɗa kuɗi ne a saro katan daga Kano a raba, kowa da abin da ta zuba. Sauƙin farashi daban, amma abin da ya fi shi shi ne duk rini ɗaya ne. Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙule, sau da yawa za ki ga lamba biyu, ta kala da ta rini. Ruwan hoda biyu masu lambar kala ɗaya, in rininsu ya bambanta, a ɗaki ba za ki gane ba, sai ranar suna an fito da jariri tsakar gida rana ta haska, ki ga shawul ya rabu biyu.

Dokar wata 6 kuwa saboda irin odar da ƙungiya ke samu ne. Kin san garin nan sanyinmu biyu ne, na hunturu daga Disamba zuwa Janairu da na damina a Yuli da Agusta, shi ya sa makarantu da yawa suwaita tana cikin yunifom. In makaranta ta ba da aikin yara aji guda, hannu goma ne za su saƙa, kuma dole su fito kamar hannu ɗaya ya yi. Guda ɗaya ta fito da wuya a matse, kan yaro ya ƙi shiga, sunan ƙungiya ne ya ɓaci ba na mai saƙar ba. Naki cinikin na maƙwabta ba wanda zai hana ki, sai dai za a ce kada ki karya farashi ƙasa da abin da aka tsayar, kuma kada ki sa allura sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla kuɗin zare.

Ta littafin zane ce kawai ni ban cika goyon baya ba. A zamanin da kowa ke da waya, ɓoye fulawar zanin gado wahalar da kai ne. Na faɗa a taronmu, aka fi ni yawa, na yi shiru.

Baba Mai Hula, Bauchi Road

Hajiya, a gafarce ni, na shigo zancen mata, amma a kan zane ban yarda da ku ba. Mu a ɗinkin hula da babbar riga zane abincin wani ne. Riga guda hannu nawa take bi? Mai zane daban, shi zai fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari a jikin yadi, mai ɗinki ya bi da allura, sannan a kai wa mabuga. Mutumin da ya zauna ya ƙirƙiro sabon zanen hula, Sallah ɗaya yake cin moriyarsa. Da hoton ya fita, kafin wata Sallar masu injin sun buga shi, ana sayarwa a kan abin da bai kai kuɗin zaren na hannu ba. In matan nan suna da zanen da suka gada ko suka ƙirƙira, su riƙe abinsu. Wadda ta zauna ta koya har ya shiga kanta, ai ba wanda zai ƙwace mata.

Ke kuma 'yata, in kin shiga, kada ki tsaya a kwarashi. Ki tambaya ko akwai mai koyar da ɗinkin hula. Suwaita sai da sanyi, hula kuwa duk shekara ana sawa, ga Sallah, ga biki, ga lokacin siyasa. A Zariya mata sun daɗe suna ɗinkin babbar riga a cikin gidajensu, a Maiduguri ma hula Zanna da yawa hannun mata ne. Aiki ne mai cin ido da haƙuri, hula mai kyau takan ɗauki makonni, amma kuɗinta ba ɗaya ba ne da na safa. Abu guda da zan ba ki kyauta: kowane zare mai kala, musamman ja da baƙi, ki jiƙa ɗan guntu ki matse cikin farin ƙyalle kafin ki fara. In ya zuba, ki ajiye shi. Hula sai an kai ta wajen mai wanki an sa sitaci an ɗora a gungume, a nan asirin zaren banza yake tonuwa.

Anti Ummi, Kubwa, Abuja

Ƙanwata, duk abin da Hajiya ta faɗa haka ne, amma ni ta wajen kuɗi zan ja miki kunne. Na zauna a wata ƙungiya irinta a nan Abuja, koyarwa lafiya lau, abin da ya kashe ta shi ne kuɗin wata da na adashe da na zare duk a asusun mutum ɗaya suke shiga. Ranar da aka ce a kawo lissafi aka rasa gane na wane ne wane, zumuncin shekaru ya watse.

Kafin ki biya fom ki tambayi sakatariyar, cikin ladabi: suna da rajista? Ko dai ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya, ko ta ƙungiyar gama kai da ake yi a ma'aikatar jiha. Asusun banki da sunan ƙungiya yake, kuma mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi? Bai kamata ya gaza biyu ba. Ana karanta lissafi a gaban kowa, tarar 200 ɗin nan ina take zuwa? In mace ta fita, me take tafiya da shi? In ransu ya ɓaci don kin yi tambaya, kin samu amsa. Adashe kuma ki bar shi sai kin san mutane.

Kada kuma satifiket ya ruɗe ki. Takardar yaye ta ƙungiya ba daidai take da Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ba, ado ce ta bango. Mai saye aikin hannunki zai juya ya duba.

Duba aiki da sa gyara kuwa ba a kanmu aka fara ba. A Ingila ƙungiyar masu ɗinkin ado, Embroiderers' Guild, tana nan tun 1906, takwararta ta Amurka ta faro a 1958, kuma a ta Amurkan mai neman shaidar ƙwarewa aikinta take aikawa masana su duba, in bai kai ba a ce ta sake. Mutanen da intanet bai taɓa yi musu wuya ba ke nan.

Maman Ilham, Rikkos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ninka shawul ɗin, sai dai a bar kaza cikin gashinta. Anti, zan yi tambayoyin ranar Asabar in sha Allahu. Saura abu ɗaya: ina da goyo, ga mai shekara uku da ba ta yarda da kowa. Ana zuwa da yara?

Hajiya Babba, Anguwan Rogo

Goyo ana zuwa da shi, yana bayanki kina aiki. Mai shekara ukun ki roƙi kakarta ta riƙe miki, don yawancin ƙungiyoyi ba sa bari, ba don ƙin yara ba. A wajenmu kowa tana faɗin allura nawa ta shigo da su a rubuta, in za a tashi a ƙirga, in ɗaya ta ɓace ba mai fita sai an ɗaga tabarmi an bi da maganaɗisu, saboda gobe da safe 'yan Islamiyya ne za su zauna a wurin ba takalmi. Ki je da kwarashi mai lamba 3 da mai 4, da zare mai haske, fari ko ruwan madara. Baƙi da shuɗi mai duhu ba a ganin ido a cikinsu, malama za ta ce ki canza.