Neman shawara: inshorar katin bashi ta isa in ɗauki motar haya zuwa Columbus?

Baban Hanifa, Bronx:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motar haya a ƙasar nan. Cikin watan Nuwamba za mu je ɗaurin auren 'yar yayana a Columbus, jihar Ohio. Mu shida ne har da yara, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina, shi ya sa nake son ɗaukar mota mai kujera bakwai. Ni ba ni da mota a New York, jirgin ƙasa nake hawa zuwa aiki, don haka lasisi kawai gare ni, ba ni da inshorar mota ko kaɗan.

Kamfanin hayar yana neman kusan dala 30 kullum a kan abin da suka rubuta LDW, wato kuɗin ɗauke min nauyin ɓarna ko satar motar, ban da wasu inshorori da suka jera a ƙasa. Wani abokin aikina ya ce kada in ba su ko sisi, wai tunda ina da katin Chase Sapphire Preferred, katin ya ɗauke komai. Haka ne? Ƙanina, ɗan shekara 23, shi zai riƙa karɓata tuƙi a hanya. Iyali zan ɗauka, ba na son tsimin kuɗi ya jefa ni cikin ganganci.

Ɗan Zango, Harlem:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi gaskiya, Baban Hanifa. Katin nan yana biyan ɓarnar da ta sami motar, ko karo ne ko sata. Sharaɗi biyu ne: ka biya kuɗin hayar gaba ɗaya da katin, sannan ka ƙi karɓar LDW ɗinsu a kanta. In ka karɓi nasu, na katin ya faɗi. Kwana 31 a jere yake rufewa, kai kuwa ko mako ba za ka yi ba.

Hajiyar Philadelphia:
Ɗan Zango, abin da ka faɗa daidai ne, amma rabin maganar ke nan, kuma rabin da ka bari shi ne mai nauyi. Baban Hanifa, don Allah ka karanta wannan a natse.

Shi katin nan, motar da ka ɗauka kaɗai ya sani. In ƙofarta ta lotse ko aka sace ta, zai biya. Amma in, Allah ya kiyaye, kai ka bugi motar wani, ko ka ji wa mai tafiya a ƙasa ciwo, ko ka rushe katangar gidan mutane, katin ba ya biyan ko anini. Haka ma jinyarka da ta waɗanda ke cikin motar. Masu mota tasu ba sa jin wannan giɓin, domin inshorar motarsu galibi tana bin su har cikin motar haya. Wataƙila abokin aikinka yana cikinsu. Kai ba ka da wannan bangon.

Gaskiya ne motar da aka ɗauka haya a New York tana zuwa da mafi ƙarancin abin da dokar jihar ta gindaya: dala 25,000 na raunin mutum ɗaya, dala 50,000 na duk waɗanda suka ji rauni a haɗari guda, da dala 10,000 na ɓarnar dukiya. To ka dubi motocin da ke bin babbar hanya a yau, wacce ce dala 10,000 za ta maye? Kuɗin asibitin Amurka kuwa duk mun sani. Abin da ya haura wannan iyaka, kai za a bi. Kuma tun 2005 akwai dokar tarayya da ta hana a kama kamfanin haya da laifin direba don kawai motarsu ce, saboda haka lauyan wanda aka buge kanka zai dawo.

Shawarata: ka ƙi LDW, katinka ya wadatar a wannan ɓangaren. Amma ka sayi wadda suke rubutawa SLI ko LIS, ita ce ta haƙƙin wasu. Ka tambaye su iyakar abin da take biya, domin kowane kamfani da nasa. Wannan kuɗin kada ka yi rowarsa.

Baban Hanifa, Bronx:
Ikon Allah. Hajiya, Allah ya saka da alheri, wallahi na ɗauka duk inshora ɗaya ce. To maganar ƙanina fa?

Hajiyar Philadelphia:
Amin. Dole ku je kanta tare, ya nuna lasisinsa, a rubuta sunansa a takardar hayar. Za su ƙara kuɗi tunda bai kai shekara 25 ba, ka daure ka biya. In wani abu ya faru yana riƙe da sitiyari alhali sunansa ba ya cikin takarda, an karya yarjejeniya, katin zai zame, inshorar da ka saya ma tana iya zamewa.

Malamin Newark:
Ƙarin bayani ga sauran 'yan uwa masu karantawa, don kada kowa ya ɗauka katinsa irin na Baban Hanifa ne. Katunan nan iri biyu ne. Akwai mai fara biya kai tsaye, kamar Sapphire Preferred da Sapphire Reserve da Venture X na Capital One. Akwai kuma mai jira sai inshorar motarka ta gama biya, shi ya cike ragowar, kuma haka yawancin katunan American Express suke, sai dai in ka shiga tsarinsu na musamman da ake cirar kuɗi a kowace haya. Illar na biyun ita ce sai ka kai ƙara wurin kamfanin inshorarka, wanda hakan yana iya ɗaga kuɗin da kake biya a shekara. Wanda ba shi da mota, bambancin bai dame shi ba, tunda babu wata inshora da za a jira.

Katin cire kuɗi daga asusu galibi ba ya cikin wannan lissafi. Haka motar da aka ɗauka a Turo, manhajar da mutane ke ba da hayar motocinsu na kansu, da motar kwasar kaya irin ta U-Haul, da manyan bas masu ɗaukar jama'a, yawancin katuna ba sa rufe su. Taka mai kujera bakwai ba ta da matsala. Duk da haka ka kira lambar da ke bayan katin, ka ce su turo maka takardar sharuɗɗan, domin sukan sauya su.

Maman Ummi, Columbus:
Sai kun zo, muna maraba. Ni abin da zan ce, ka ɗauki hoton motar kafin ka fita da ita: gaba, baya, tayoyi, gilashi, har rufin sama. In ka dawo da ita ka sake ɗauka, ka kuma karɓi rasit a hannun ma'aikaci, kada ka jefa makulli a akwati ka wuce. Mu wani kamfani ya taɓa aiko mana da takardar bashi bayan mun mayar da mota, wai an karce gefenta, har da kuɗin kwanakin da ta yi a gareji ba ta aiki. Katin maigidana ya biya daga baya, amma sai da muka tattara takardar haya, da rahoton ɓarna, da kiyasin gyara, da shaidar cewa da katin muka biya. Akwai wa'adin kai rahoto, don haka ranar da abu ya faru ranar ake kira. Kuma ka sani kamfanin yana iya cire kuɗin a katinka tukuna, kai ka jira a mayar maka.

Sannan Nuwamba lokacin barewa ne a hanyar Pennsylvania, suna faɗowa titi da magariba da asuba. Tafiyar ta kai awa tara, ku fito da sassafe ku tsallake dajin da rana.

Malamin Newark:
Na manta abu ɗaya. Ranar da za ka ɗauki motar za su riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina, ka tabbata akwai sarari. In kun dawo kuma ka biya bashin gaba ɗaya kafin wa'adi, kada kuɗin ruwa ya hau kanka.

Baban Hanifa, Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira lambar bayan katin, sun tabbatar min da maganar motar, sun kuma ce haƙƙin wasu ba ya ciki, kamar yadda Hajiya ta faɗa. Zan ƙi LDW, in sayi SLI, in sa sunan ƙanina. Maman Ummi, ranar Alhamis za mu taso in sha Allah, a gaya wa maigida muna son sanin masallacin da za mu samu Juma'a kusa da ku.